Rediyon mota: daga zare da allura zuwa lambar sirri

A sana'armu akwai maganar da kowane yaro yake ji tun makonsa na farko a gareji: kada ka kwance rediyo kafin ka tabbatar wuta tana isa gare shi. Maganar ta girmi duk wani mai gyara da ke Kano a yau, kuma ta tsallake kowane sauyi da aka yi wa rediyon mota.

A 1930 ne Paul Galvin da ɗan'uwansa Joseph suka fito da rediyon mota mai suna Motorola a Shikago. Bayan shekara biyu kamfanin Blaupunkt ya yi nasa a Jamus, shi ne kuma ya kawo mai kama FM a 1952. Na farkon da bawul na gilashi suke aiki, wutar batir ba ta isar su, sai aka sa wata 'yar na'ura mai karkarwa da ke ɗaga wutar. Mai gyara kunne yake kasawa: in bai ji ƙuginta ba, ya san inda ciwon yake. Zuwan tiransisto ya kawar da wannan duka.

Mu a nan, aikin ya kankama ne da Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Rediyon lokacin abu ne da ido yake iya karantawa. Ka murɗa, zare ya ja allura, tasha ta shigo. In allura ta tsaya, zare ne ya tsinke. In murya tana ƙaraf-ƙaraf, ƙurar hunturu ce ta shiga mamurɗi. Da kaset ya shigo sai aiki ya ninka, domin direban da zai tashi daga Kano zuwa Maiduguri ya fi yarda ya tafi ba taya safaya da ya tafi ba Shata ko kaset ɗin wa'azi. Zafin rana yakan narkar da bel ɗin roba, ƙaramar tayar da ke jan zaren kaset ta yi santsi, injin ya fara cinye kaset. Da ɗan auduga da sifirit da sabon bel an gama. Ina ganin wannan ne zamanin da aka fi sanin aiki, saboda ba wanda yake tunanin jefar da rediyo.

Sannan aka daidaita girman raminsa a gaban mota, milimita 180 a faɗi, 50 a tsayi. Sauyawa ta yi sauƙi, sata ma haka. Maganin da kamfanoni suka kawo shi ne lambar sirri: da zarar rediyo ya rabu da batir, sai ya kulle kansa. A ƙasashensu dabara ce mai kyau, tunda katin lambar yana hannun mai mota. Amma bayan faɗuwar naira daga 1986 sabuwar mota ta gagari talaka, muka koma 'yan Kwatano da Beljiyam, katin kuwa ya daɗe da ɓacewa a hannun mai motar na farko. Mutum ya sauya batir a Honda, ya ga CODE a fuskar rediyo, ya ɗauka ya mutu. Allah kaɗai ya san yawan lafiyayyun rediyon da aka zubar a kan wannan. Daga baya muka gane cewa a Honda da yawa na bayan 2001, in ka danne 1 da 6 ka kunna, lambar jikin rediyon za ta fito, da ita ake nemo lambobi biyar na buɗewa. Wanda ya yi ta cankar lamba kuma ƙara kulle shi yake yi.

Motocin Amurka sun zo da wani abin da ba lalacewa ba ne. A matsakaicin zango rediyonsu yana tsalle goma-goma, mu kuwa tashoshinmu tara-tara aka jera su. Mai neman Rediyon Kaduna a 594 sai dai ya tsaya a 590 ko 600, ya ji murya a dishe. Eriya nawa aka sauya a banza saboda haka.

Duk da haka, yadda ake bin rediyon da ya ɗauke bai sauya ba. Tambaya ce farko: "Alhaji, me aka taɓa a motar kafin ya yi shiru?" Amsar kan rage rabin aikin. In an ja wuta daga wata mota aka juya kan waya, to fis ya tafi, ko dayod ɗin da ke tsaron ƙofar wuta ya ƙone. Rediyo layin wuta biyu yake sha, ɗaya daga batir kai tsaye don ya riƙe agogo da tashoshi, ɗaya daga makulli, kuma kowanne da fis ɗinsa. Sau da yawa ɗaya yana ƙarƙashin sitiyari, ɗayan yana wajen inji, wani lokaci yana haɗe da fitilar cikin mota, ga na uku a bayan rediyon kansa. Yaro ya duba ɗaya ya ce, "Oga, fis lafiya." Koma ka duba sauran. Bayan wuta sai wayar da ke kama jikin mota, wadda tsatsa take kashewa a ɓoye.

In fuska ta kawo haske amma ba sauti, hankalina ƙofa yake tafiya. Wayar lasifika tana bi ta cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jiki, buɗewa da rufewa na shekaru su goge ta, ta taɓa ƙarfe, rediyo ya ɗauke sauti don kare kansa. Wasu motocin kuma amfilifayarsu tana ƙarƙashin kujera ko a but, inda ruwan damina da na masu wankin mota yake taruwa. Abin da ba na yafewa shi ne naɗa waya a madadin fis. Fis ba ya ƙonewa haka kawai, kuma wanda ya hana shi ƙonewa ya miƙa wutar ga wayoyin motar.

Motocin yanzu sun ƙara wani mataki. Tsarin CAN, wanda Bosch ya gabatar a 1986, ya sa na'urorin mota suna aika wa juna saƙo, har rediyo da yawa ba su da wayar makulli, saƙo ne yake tashe su. A wasu Marsandi da BMW sauti ta wayar haske yake bi, ya zaga na'ura bayan na'ura kamar zaren carbi, wuri ɗaya ya tsinke duka su yi shiru. A irin waɗannan, ƙwan gwajin da muka taso da shi yana iya yin ɓarna, balle in ya faɗa kan wayar jakar iska mai soket rawaya. Mita ake sa wa, da kwamfutar bincike.

Abin da yake damuna a yau shi ne saurin yanke hukunci. Rediyo ya yi shiru, kafin a buɗe akwatin fis an ce a sa babban allo na Android. Ba na ƙin allon, yana da taswira da Bluetooth, mutane suna so. Amma sai a datse soket ɗin kamfani da almakashi, alhali ana sayar da mahaɗin da ke shiga ba yanka. A murɗe wayar batir da ta makulli wuri ɗaya, motar ta kwana tana shan wuta, da asuba ta ƙi tashi. Maɓallan sitiyari su mutu. A wasu samfurin Accord na 2003 zuwa 2007 maɓallan na'urar sanyi a jikin rediyon suke, ka cire shi ba shiri ka bar mai mota da zafin watan Afrilu. In kuma layin wutar ne ya lalace tun asali, sabon allon ma ba zai kawo ba, sai a jawo masa waya daga batir ba fis, a tura ta bayan dashbod a rufe.