Sashen Falsafa na Legon: Daga Manhajar Landan Zuwa Bakin Dattawan Akan

A 1945 kwamitin da gwamnatin Ingila ta kafa a ƙarƙashin Walter Elliot ya miƙa rahotonsa kan ilimi mai zurfi a Afirka ta Yamma. Kan 'yan kwamitin ya rabu, kuma gwamnati ta bi marasa rinjaye, waɗanda suka ce kwalejin jami'a ɗaya a Ibadan ta ishi duk yankin. Mutanen Gol Kos, wato Ghana ta yau, suka ce ba ta saɓu ba. Daga cikin waɗanda suka ja gaba akwai J. B. Danquah, lauya kuma ɗan siyasa, wanda ya yi digirin digirgir a falsafa a Landan, ya kuma wallafa littafi a 1944 kan yadda al'ummar Akan suka fahimci Ubangiji. Da taimakon kuɗin koko aka buɗe wa Gol Kos tata kwalejin a 1948 a Achimota, kafin ta koma tudun Legon a gefen Accra. Shugabanta na farko, David Balme, masanin littattafan Arisɗo ne, kuma babban ɗakin karatun jami'ar sunansa yake ɗauke da shi har gobe.

An fara koyar da falsafa tun shekarun farko, amma kwalejin reshe ce ta Jami'ar Landan. Can ake amincewa da manhaja, can ake ba da digiri. Ɗalibi zai sha Aflatun da Descartes da Hume da Kant, ya fita bai ji an ambaci tunanin kakanninsa ba. Kwasi Wiredu, wanda ya kammala a 1958, ya sha faɗin cewa a zamanin ɗalibtarsa ba a koyar da wani abu wai shi falsafar Afirka. Littafin Danquah yana nan a kasuwa, amma ba shi ake tambaya a jarrabawa ba.

Ban ga dalilin raina wannan horo ba. Tsauri gare shi, kuma ya yi wa ɗaliban rana. William Abraham ya fita da sakamako mafi daraja a 1957, shekarar samun 'yancin kai, ya wuce Oxford, a 1959 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da aka zaɓa cikin malaman kwalejin All Souls. Wiredu ma Oxford ya tafi, ya yi karatu a hannun Gilbert Ryle da Peter Strawson, manyan masu tankaɗe da rairayar ma'anar kalmomi a wancan zamani. Da suka dawo gida, da wannan wuƙa suka dawo, sai dai naman da suka sa ta a kai daban ne.

Kwalejin ta zama Jami'ar Ghana mai cin gashin kanta a 1961, shugaban ƙasa Kwame Nkrumah ne ubanta na farko. A 1962 Abraham ya fitar da littafinsa The Mind of Africa, ya karɓi jagorancin sashen, ya kuma shiga cikin na hannun daman shugaban ƙasa. Da shi aka yi aikin tunanin da ya haifar da Consciencism, littafin aƙidar Nkrumah na 1964. Yana kuma cikin waɗanda suka tono tarihin Anton Wilhelm Amo, mutumin yankin Axim da ya koyar da falsafa a Jamus a ƙarni na 18. Wannan lokaci ne na ɗaukaka, kuma lokaci ne na ɗaci. A 1964 gwamnati ta kori wasu malamai baƙi daga jami'ar, shugabanta Conor Cruise O'Brien ya yi ta ja-in-ja da fadar shugaban ƙasa kan 'yancin malamai, a watan Fabrairun 1965 kuma Danquah ya rasu a kurkukun Nsawam. Da sojoji suka kifar da Nkrumah a ranar 24 ga Fabrairu 1966, an tsare Abraham, daga baya ya bar ƙasar zuwa Amurka. Sashen ya ɗanɗani abin da kusantar mai mulki ke jawo wa malami, a hawa da kuma a sauka.

Abin da ya kafa sunan Legon a duniya ya zo ne bayan ƙurar ta lafa, a hannun mutum biyu. Wiredu ya yi shekara fiye da 20 yana koyarwa a wurin. Dabararsa mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar yi: duk matsalar da ka koya da Turanci, sake tunaninta da harshen uwarka, ka ga ko za ta tsaya da ƙafarta. Idan ta rushe, wataƙila tun asali ginin harshe ce, ba gaskiyar da ta game duniya ba. Ya gwada wannan da hujjar Descartes a kan samuwar mai tunani, ya nuna cewa a harshen Akan ba a cewa abu yana nan sai da wurin da yake, don haka batun ruhin da ba shi da muhalli bai zama dole ga kowane mai hankali ba. Bai kuma yi wa al'ada rufa-rufa ba. A littafinsa na 1980, Philosophy and an African Culture, ya soki camfi da danniyar manya kai tsaye. Daga baya ya duba yadda majalisar sarakunan Asante ke zama har sai baki ya zo ɗaya, ya kawo shawarar dimokuraɗiyyar da ba ta dogara da jam'iyyu ba.

Na biyun shi ne Kwame Gyekye, wanda hanyarsa za ta fi jan hankalin mai karatu Bahaushe. A Harvard ya yi digirin digirgir, a kan falsafar Girkawa da Larabawa. A 1979 ya wallafa nazari kan sharhin da Ibn al-Tayyib, malamin Bagadaza na ƙarni na 11, ya yi wa Isaguji, mabuɗin ilimin manɗiƙi, fannin da almajiran zaure a Kano da Sakkwato ke sha ta hanyar Sullam na Akhdari. Sannan ya juyo gida, ya bi garuruwan Akan yana zama gaban dattawa, yana tattara karin magana, yana auna su da ma'aunin hujja. Sakamakon shi ne littafinsa na 1987 kan tsarin tunanin Akan.

Mutanen biyu harshensu ɗaya, sashensu ɗaya, amma sun saɓa a fili. Gyekye ya ce abin da Akan ke kira okra ruhi ne tsantsa, Wiredu ya ce a'a, yana da wasu siffofi na jiki. Wiredu ya karkata ga cewa mutuntaka daraja ce da ake kaiwa gare ta da hali da sauke haƙƙin jama'a, Gyekye ya tsaya kan cewa jariri ma cikakken mutum ne, kuma al'umma ba ta haɗiye haƙƙin ɗaiɗaiku. Duk da haka a 1992 tare suka shirya littafin Person and Community. A ganina wannan saɓani shi ne babbar nasarar sashen, domin ya rushe zaton cewa duk 'yan Afirka tunani ɗaya suke yi.

Taɓarɓarewar arzikin Ghana a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 ta kwashe malamai da yawa, a 1983 ma an rufe jami'o'i na tsawon watanni. Wiredu ya koma Florida a 1987, Gyekye ya ci gaba da zama a Legon. Gyekye ya rasu a 2019, Wiredu a 2022. Yanzu an haɗe sashen da na nazarin Girkanci da Latin, malamai irin su Martin Ajei kuma sun koma suna sake bitar Consciencism ba tare da tsoro ko fadanci ba.

Giɓin da ya fi damuna shi ne arewa. Ivor Wilks ya zo ƙasar a 1953 a matsayin malamin falsafa, amma da ya shiga aikin tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami na malaman Gwanja da Wa da zango-zango, ciki har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, a Cibiyar Nazarin Afirka ya yi shi. Masana tarihi sun ci moriyar waɗannan takardu sosai. Abin da ke cikinsu na tauhidi da fiƙihu da tarbiyya bai samu irin tankaɗen da tunanin Akan ya samu a hannun Wiredu da Gyekye ba, alhali sashen da cibiyar a harabar jami'a ɗaya suke, kuma yaran unguwannin Nima da Madina na Accra masu jin Larabci da Hausa suna maƙwabtaka da Legon.