Daga Dandali zuwa Lakwal: Tarihin Koya ma Yara Rawa a Ƙasarmu

 A wannan fitowa ta takardar ƙungiya za mu waiwayi wani abu da mutane da yawa suka ɗauka wasa ne kurum, wato yadda yaran Jiratawa da kewaye ke koyon rawa, da yadda suke gyara ma juna kuskure.

Zamanin dandali

Katsinawan da suka biyo Ɗan Kasawa Maradi wajen 1819, da Gobirawan da suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, duk da kiɗansu da rawarsu suka zo, suka tarar da na mutanen bakin Gulbi. Kowace sana'a da kiɗanta: mahauta da kalangu, manoma da gangar noma ranar gayya, ƴan kokowa da nasu take. Samari na da sarkin samari, ƴan mata na da shugabarsu, su ke tsara gayya da wasa.

A dandali babu malami, amma akwai koyarwa. In farin wata ya fito, ƴan mata su yi da'ira, zabiya ta ba da waƙa, sauran su yi amshi da tafi. Ƙarama takan fara daga baya, tana kallo, tana tafi. Ran da ta shiga tsakiya, in ƙafarta ta saɓa ma tafi, babbar yarinya ta kama hannunta, ta taka tare da ita har ta daidaita. Ku tuna wasan nan da yarinya ke sakin jiki ta faɗa da baya, ƙawaye su tare ta su cilla ta sama. Wadda ba ta yarda da ƴan uwanta ba, ba ta iya shi. Haka takkai wajen samari: kowa da sandarsa, ka juya gaba ka haɗa da na gabanka, ka juya baya ka haɗa da na bayanka. Wanda ya makara, yatsunsa za su gaya mashi.

Zuwan lakwal

Lakwal ta Nasara ta zo da wata hanya dabam. Mushe kaɗai ke cewa an iya ko ba a iya ba, shi ke ba da maki. Waƙa da Faransanci ake yin ta, yaron da ya yi Hausa a rataya mashi sambol. Rawar gida sai ta tsaya bakin ƙofa.

Inda aka fara buɗa mata ƙofa, nesa da mu ne: makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal, inda Diori Hamani ya yi karatu. Daga shekarun 1930, ana sa ɗalibai su tattaro tatsuniyoyi, waƙoƙi da raye-rayen garuruwansu lokacin hutu, su nuna su a bikin ƙarshen shekara. A 1937 har Paris aka kai su suka yi wasa. Malaman da suka fito can suka baza wannan al'ada cikin lakwal-lakwal na ƙasashenmu. Bayan ƴancin kai na 1960, gwamnati ta riƙa shirya makon matasa a Yamai. A 1973 aka buɗa lakwal ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram.

Zamanin samariya da festibal

Bayan da Seyni Kountché ya ɗauki mulki ran 15 ga Afrilu 1974, sai ya farfaɗo da samariya, ya mai da ita hannun gwamnati cikin kowane gari da unguwa. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauki takobi. A 1976 aka fara festibal na matasa a Damagaram, ya riƙa zagayawa jiha jiha, Maradi ma ta karɓi baƙuncinsa. Ana tankaɗe tun daga ƙauyuka, a kai ga babban garin yanki, a kai ga jiha, sannan ƙasa. Akwai gasar waƙa, da wasan kwaikwayo, da bale, wato rawa mai ba da labari. Malaman lakwal sun yi aiki ƙwarai wajen tsara waɗannan wasanni.

Festibal ya ɗaga darajar rawarmu, wannan gaskiya ne. Amma ya canza mata zama. Da'ira ta koma sahu mai fuskantar manyan baƙi, alƙalai na zaune da takarda, mai horo shi kaɗai ke magana. Da iskar jam'iyyu ta kaɗo, aka yi babban taron ƙasa na 1991, samariyar gwamnati ta watse. Dandali kuma ya yi ta raguwa: samari sun tafi bida, malamai na wa'azi kan cuɗanyar dare, finafinan Kano sun shigo, daga baya salula. Yau yaro na koyon rawa shi kaɗai gaban waya, waya kuwa ba ta ce mashi ya yi kuskure.

Abin da ya rage gare mu

Abin da muke gudun ɓacewarsa ba takun ƙafa kaɗai ba ne. Tarbiyya ce: yaro shi iya gaya ma ɗan uwansa gaskiya ba da cin mutunci ba, shi kuma iya jin gyara ba da fushi ba. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba.

Mu malaman lakwal muna iya maido wannan da rana tsaka, cikin filin makaranta, maza dabam mata dabam. A raba aji biyu, rabi na rawa, rabi na kallo. Masu kallo su duba abu uku: ƙafa na bin kiɗa? kowa na riƙe da wurinsa? amshi na shigowa kan lokaci? In an tsaya, mai magana shi fara da abin da ya yi kyau, sannan shi faɗi gyara guda ɗaya, kuma shi tashi shi gwada da ƙafarsa. Ba a dariyar jikin kowa, ba a ambaton sana'ar uban kowa. Daga nan a juya, masu kallo su shiga fili. Wanda ya san yanzu za a dube shi, yakan tausasa harshe.

Sai dai horonmu da Faransanci aka yi mana shi, waƙoƙin gaɗa da takun takkai suna wajen tsofaffi, kuma kowace shekara muna rasa wasu. Don haka muna roƙon iyaye mata da suka yi zabiya, da dattawan da suka riƙe samariya, su riƙa leƙo lakwal ko sau ɗaya a wata. Ƴan uwa na waje kuma, kalangu biyu da ganga ɗaya ba su fi ƙarfin asusun ƙungiya ba. Muna fatan a sa maganar cikin taro mai zuwa.

Allah shi jiƙan magabata, shi raya mana zuri'a, shi maido matafiya gida lafiya. Amin.