Living in Bondage: kasuwa ce ta haifi fim ɗin

 Yau ina so mu waiwayi wani fim da iyayenmu 'yan kasuwa suka sha kallo alhali ba sa jin yaren da aka yi shi da shi, wato Living in Bondage na 1992. Ba a haife ni ba lokacin da ya fito, sai daga baya na kalla.

Wanda ya zuba kuɗin, Kenneth Nnebue, ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan lantarki da kaset a Legas. Kafin nan ya riga ya ɗauki nauyin finafinan Yarbanci masu arha, don haka ya san abin da ke tafiya a kasuwa. Lokacin tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, yin fim irin na silima ya gagara, gidajen silima suna ta rufewa. Sai aka ɗauki wannan da kyamarar bidiyo da harshen Ibo, aka zuba a kaset, aka kai Idumota da Anaca. Darektan, Chris Obi Rapu, ma'aikacin NTA ne, shi ya sa ya ɓoye sunansa ya sa Vic Mordi.

Labarin kuwa na Andy ne, wanda Kenneth Okonkwo ya fito a matsayinsa. Talauci ya ishe shi, ya shiga ƙungiyar asiri, aka ce sai ya kawo wanda ya fi so. Ya fara kai wata karuwa da sunan matarsa ce, asirinsa ya tonu, ƙarshe dai ya ba da Merit, matar da ta yi haƙuri da shi. Kuɗi suka zo, fatalwarta kuma ta hana shi sakat har ya haukace, sai a coci ya samu sauƙi.

A ganina fatalwar ba ita ce ta tsorata mutane ba, don yaro ma ya san kwalliya ce. Abin tsoron shi ne kowa a kasuwa ya san wani da ya kwana ba shi da ko sisi ya wayi gari da mota, ana ta ƙus-ƙus a kansa. Mu ma muna da zancen kuɗin tsafi, babu Bahaushen da ya buƙaci tafinta. Da rikicin Otokoto ya ɓarke a Owerri a 1996 kan kisan wani yaro, sai mutane suka ƙara ɗaukar irin waɗannan finafinai da gaske, su kuma masu suka suna cewa finafinan ne ke cusa wa matasa tunanin.

Sai dai masu cewa daga nan fim ɗin bidiyo ya fara a Najeriya su yi haƙuri, ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano tun 1990. Abin da Nnebue ya nuna shi ne kaset yana kawo riba mai kauri. Kashi na biyu ya fito a 1993, sannan a 2019 Ramsey Nouah ya yi cigabansa, wannan karon a silima aka haska.