Tarihin Zane Shimfiɗaɗɗe: Daga Allon Bango zuwa LoRA

Zane shimfiɗaɗɗe shi ne wanda ake yi da launuka kaɗan, kowane launi a shafe bai-ɗaya, babu inuwa, babu ƙyalli, babu dabarar nuna nesa da kusa. Mutum yakan fito a matsayin da'ira da 'yan layuka, itace kuma sanda da dunƙulen kore. A yau ana iya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta fitar da irin wannan hoto ta hanyar maƙala mata ɗan ƙaramin fayil da ake kira LoRA, amma salon kansa ya girmi kwamfuta da shekaru masu yawa.

Ɗaya daga cikin manyan tushensa yana birnin Vienna na ƙasar Ostiriya. A 1925 masanin zamantakewa Otto Neurath ya buɗe gidan baje koli don bayyana wa ma'aikata al'amuran gidaje, lafiya da tattalin arziki. Da yawa daga cikin masu zuwa ba su saba da jadawalin alƙaluma ba, saboda haka aka koma ga hoto: ɗan mutum guda yana wakiltar wani adadi na jama'a, idan adadin ya ninka sai a jera biyu, ba a ƙara wa guda girma ba. Wannan tsari shi aka sa wa suna Isotype daga baya. Mai zane Bajamushe Gerd Arntz ya yi masa alamomi kusan 4,000, kuma yawanci sassaƙa su ake yi a kan linoliyam kafin a buga. Wuƙar sassaƙa ba ta iya fitar da inuwa mai laushi. Ko ta yanke wuri ko ta bar shi. Ke nan rabin salon kayan aiki ne suka tilasta shi, sauran rabin kuwa buƙatar a gane saƙo da kallo ɗaya. Marie Neurath, wadda ta ci gaba da aikin a Ingila bayan rasuwar mijinta Otto a 1945, ta kawo tsarin Najeriya a shekarun 1950, inda ta shirya wa gwamnatin Jihar Yamma 'yan littattafan wayar da kai.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu tsara allunan talla a Zurich da Basel suka mayar da taƙaitawa doka: a jera komai bisa ma'auni, a bar fili, a yi amfani da haruffa marasa ado irin Helvetica da aka fitar a 1957. Gasar Olamfik ta Tokyo a 1964 da ta Munich a 1972, inda Otl Aicher ya tsara alamomin wasanni, suka yaɗa 'yan mutanen nan masu kai da'ira zuwa filayen jiragen sama da ƙofofin ban-ɗaki na duniya.

Da wayoyin shafa suka zo, sai aka yi wani ɗan juyi. Manhajojin iPhone na farko, daga 2007, kwaikwayon kayan zahiri suke yi: wurin rubutu kamar takarda rawaya mai layi, wurin littattafai kamar kantar katako. Microsoft ne ya fara juya wa wannan baya, da Windows Phone 7 a 2010 da Windows 8 a 2012. Apple ya bi sahu da iOS 7 a 2013 ƙarƙashin Jony Ive, Google kuma ya fitar da Material Design a 2014. Dalilin ba na ado kaɗai ba ne. Zane shimfiɗaɗɗe ana iya adana shi a matsayin lissafin layuka da siffofi, ba tarin ɗigo-ɗigo ba, don haka fayil ɗinsa ba nauyi, kuma yana buɗewa tas a ƙaramar waya ko a katon allo. A 2017 kamfanin Buck ya tsara wa Facebook salon Alegria, mai mutane masu dogayen hannuwa da ƙananan kawuna da fata shuɗiya ko shunayya. Kamfanoni suka yi ta kwaikwayo har abin ya gundiri jama'a, aka yi masa laƙabin shaguɓe, Corporate Memphis.

A cikin wannan yanayi aka saki Stable Diffusion a watan Agusta 2022, manhajar da ke mayar da rubutaccen umarni hoto, wadda kowa zai iya saukewa a kwamfutarsa. An horar da ita da hotuna daga tarin LAION-5B, mai ɗauke da hoto da bayaninsa sama da biliyan 5 da aka kwaso daga intanet. Nan aka ga wani abu da ba a zata ba. Manhajar ta fi gwanancewa wajen abin da ke wahalar da ɗan Adam, wato haske da inuwa da gashi da ƙyallin ƙarfe, amma ta kan gaza wajen kame hannu. A ce mata ta zana kofin shayi da launi uku, sai ta saka tururi, ta ƙara inuwa a gindinsa, ta dama launukan. Mai zane yana koyon cirewa ne bayan shekaru. Ita kuwa manhajar ƙari ne ɗabi'arta, domin yawancin abin da ta gani hotunan kyamara ne da zane mai cikowa.

Hanyoyin gyara sun zo da sauri. Textual Inversion yana koya wa manhajar sabuwar kalma ba tare da taɓa cikinta ba, amma ƙarfinsa kaɗan ne. DreamBooth, daga masu bincike na Google, yana sake horar da ita gaba ɗaya, sai dai kowane salo yakan haifar da fayil mai gigabayit biyu ko fiye. LoRA kuwa ba don hoto aka ƙirƙire shi ba. Edward Hu da abokan aikinsa a Microsoft ne suka wallafa shi a 2021 don manhajojin harshe irin GPT-3. Dabarar ita ce a bar asalin lambobin manhajar yadda suke, a horar da wasu 'yan siraran jadawalai a gefe waɗanda ke karkatar da sakamakon, kamar yadda tela kan sauya wa keken ɗinki ƙafa don wani aiki ba tare da ya kwance injin ba. A ƙarshen 2022 Simo Ryu ya daidaita dabarar da Stable Diffusion, fayil ɗin salo ya sauko zuwa megabayit kaɗan ko 'yan gommai, shafuka irin Civitai da Hugging Face suka cika da su.

Yadda ake amfani da shi bai canza sosai ba tun lokacin. Mai horarwa yakan tara hotuna 'yan gommai masu salo ɗaya, ya rubuta wa kowanne bayani, ya zaɓi kalmar da za ta tada salon. Mai amfani kuma ya sa kalmar a umarninsa, ya ƙayyade ƙarfin fayil ɗin, galibi ƙasa da 1 kaɗan. Idan ƙarfin ya yi ƙasa, inuwa takan dawo. Idan ya wuce kima, siffofi su narke. Dole ne kuma LoRA ya dace da manhajar da aka horar da shi a kanta: na Stable Diffusion 1.5 ba ya aiki a SDXL na 2023, na SDXL ba ya aiki a Flux na 2024.

Sauƙin ya zo da rigima. A ƙarshen 2022 wani ya yi amfani da DreamBooth ya horar da Stable Diffusion da zane 32 na Hollie Mengert, mai zanen da ta yi wa Disney aiki, ba da izininta ba, ya saki sakamakon da sunanta. A Janairun 2023 masu zane Sarah Andersen, Kelly McKernan da Karla Ortiz suka kai ƙarar kamfanonin Stability AI, Midjourney da DeviantArt a kotun California. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka tana kare aiki takamaimai, ba salo ba, shi ya sa gardamar ta fi karkata ga hotunan da aka yi horo da su.

Akwai kuma giɓin da ya rage a ɓangaren sana'a. Abin da LoRA ke fitarwa kama yake da zanen lissafi, amma ɗigo-ɗigo ne. Idan aka faɗaɗa shi gefuna sukan dushe, launin da ake gani ɗaya kuma yakan ƙunshi ɗaruruwan launuka makusanta. Wanda zai buga shi a riga ko allon shago sai ya bi ta manhaja irin Illustrator ko Inkscape, ya mayar da shi layuka, ya rage launukan, ya goge ƙarin da na'urar ta cusa.