Akwatin giyar hannu a tsofaffin motocin daji: yadda ake zaɓa da ɗaurawa a Tamale

A birnin Tamale, hedikwatar jihar Arewa ta ƙasar Ghana, tsohuwar Land Rover ko Land Cruiser abin neman abinci ce. Daga unguwanni irin su Kaladan, inda tsohon filin ƙwallon Real Tamale United yake, irin waɗannan motoci kan fita zuwa gonaki da kasuwannin ƙauye ta hanyoyin Salaga, Yendi da Damongo. Da zarar an sauka daga kwalta sai jar ƙasa, wadda kan zama taɓo a damina, wajen watan Mayu zuwa Oktoba. Idan akwatin giya ya mutu a irin wannan wuri, doya ko masarar da aka ɗauko ta rasa kasuwa, kuɗin janyo motar kuma ya hau kan mai ita.

Akwatin giya, wanda a ƙasashe masu amfani da Faransanci ake kira boîte de vitesses, shi ne ke karɓar ƙarfin inji ya rage ko ya ƙara saurin juyinsa kafin ya kai ga tayoyi. A motar daji akwai akwati na biyu a bayansa, mai raba ƙarfin tsakanin aksul na gaba da na baya, kuma shi ke ba da giyar ƙarfi ta hawan tudu da fita daga taɓo. Ana fifita giyar hannu a karkara domin bakanike na iya buɗe ta da kayan aiki na yau da kullum, kuma idan batir ya mutu ana iya tura motar ta tashi.

Ire-iren akwatin Land Rover

An fara ƙera Land Rover a Ingila a 1948. Samfurin Series II na 1958 da IIA na 1961 suna da giya huɗu, amma ta uku da ta huɗu ne kaɗai ke da zoben da ke daidaita saurin haƙora kafin giya ta shiga. Shi ya sa direbobin da suka saba da su ke taka kuloci sau biyu wajen sauka zuwa ta biyu. Series III na 1971 ya zo da zoben a dukkan giya huɗu.

Daga 1983, motocin da daga baya aka raɗa wa suna Defender suka zo da akwati mai giya biyar, LT77, sannan R380 ya maye gurbinsa a 1994. Ana bambanta su daga mazaunin ribas: a LT77 yana hagu can sama kusa da giya ta ɗaya, a R380 kuma yana dama a ƙasa da ta biyar. Dukansu suna haɗuwa da akwatin rabo mai suna LT230, wanda ke jan taya huɗu a kowane lokaci.

Ire-iren akwatin Land Cruiser

Toyota ta ƙera Land Cruiser 40 daga 1960 zuwa 1984, sannan samfurin 60 ya fito a 1980, samfurin 70 kuma a 1984. Akwatuna masu giya huɗu da aka fi sani su ne H41 da H42. A H41 inji kan juya kusan sau biyar kafin sandar bayan akwati ta juya sau ɗaya a giya ta farko, a H42 kuwa kimanin sau uku da rabi. Don haka H41 ya fi dacewa da motar da ke tashi da kaya masu nauyi. H55F mai giya biyar ya haɗa giyar farko mai ƙarfi da ta biyar mai sauƙaƙa wa inji a kan kwalta, shi ya sa ake yawan nemansa.

Abin da ake dubawa kafin saye

Yawan giya ba shi ne ma'auni na farko ba. Tambayar farko ita ce ko akwatin zai zauna tsakanin injin da ke motar da akwatin rabon da ke bayansa. Ta gaba, dole ramukan ƙoƙon da ke rufe kuloci su dace da bayan inji, tsawon sandar shiga da yawan haƙoranta kuma su dace da faifan kuloci. Akwatin H55F na injin dizil samfurin B ba ya shiga injin fetur samfurin F kai tsaye, domin sandunan shigarsu sun bambanta. Haka LT77 na Discovery yana da dogon ƙoƙo, na Defender kuma gajere, mazaunin sandar canja giya ma ba ɗaya ba ne.

Abu na biyu shi ne aikin motar. Mai zirga-zirga a babbar hanyar Tamale zuwa Bolgatanga da Paga, kan iyakar Burkina Faso, zai ga amfanin giya ta biyar a shan mai da ƙarar inji. Wanda aikinsa daga gona zuwa gida ne da ƙyar zai taɓa ta. Ga mai Series da ke son sauƙi a kan kwalta, akwai ƙarin giya ta Fairey da ake ɗaurawa a bayan akwatin rabo, mai rage juyin inji da kimanin kashi ɗaya cikin biyar.

Abu na uku shi ne samun kayan gyara. Manyan cibiyoyinsu a Ghana su ne Suame Magazine a Kumasi da Abossey Okai a Accra, inda ake samun akwatunan da aka ciro daga wasu motoci. Akwatin da ba a samun boris da zobensa sai an aika Turai zai iya ajiye mota watanni.

Kafin a biya kuɗi, ana karanta lambar da aka buga a jikin akwati, a zuba man cikinsa a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe, a juya sandar shiga da hannu a kowace giya. A LT77 da R380 na farko-farko ana duba haƙoran sandar baya inda take shiga LT230, domin sukan cinye saboda rashin mai, har mota ta daina jan taya baki ɗaya. Maganinsa shi ne giyar shiga mai huje-huje da ke barin mai ya ratsa.

Ɗaurawa

A Land Rover birkin hannu yana bayan akwatin rabo ne, don haka da an cire farfela motar ba ta da abin riƙewa. Sai an tokare tayoyi an cire wayar batir kafin wani ya shiga ƙasanta. A Series yawanci ta cikin mota ake fito da akwatin, bayan an cire kujeru da bene, kuma da abin ɗaga kaya ake yi saboda nauyinsa.

Tunda an buɗe, ana canja faifan kuloci da murfinsa da boris ɗinsa, tare da sil ɗin mai na bayan inji, don kada a sake biyan kuɗin aiki. Ana daidaita faifan a tsakiya kafin a ɗaure. Idan akwati ya ƙi zama, ba a jawo shi da noti, domin hakan kan fasa ƙoƙo ko ya lanƙwasa faifan.

Akwati mai giya biyar ya fi tsawo, saboda haka mazauninsa a jikin shasi kan matsa, farfelar baya ta gajarta, ta gaba ta ƙara tsawo. Farfelar da aka yanka aka yi wa walda ba a daidaita ta ba tana girgiza mota tana cin boris. Sanya LT230 a Series yana da wata matsalar: mahaɗan aksul na gaba ba a yi su don ja na dindindin ba, sai sitiyari ya riƙa fizga a kwana.

Mai da gwaji

Ba kowane akwati ke shan mai iri ɗaya ba. Na Series da LT230 suna shan man giya mai kauri EP90, LT77 yana shan ATF irin na giyar otomatik, R380 kuma MTF94. Zuba mai kauri a LT77 kan sa giya ta yi tauri. Bayan ɗaurawa ana gwada kowace giya a gajeriyar tafiya, a sake ɗaure notina, a duba yoyo. Duk lokacin da mota ta ƙetare rafi mai zurfi ana duba man: idan ya koma fari kamar madara, ruwa ya shiga, sai a zubar a sa sabo.