Tarihin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, Mai Kasuwar Kurmi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa mazauna Suleja, duk sa'ad da aka tayar da hirar sarakunan da suka yi dukiya, sunan da yake fara zuwa bakin yaranmu 'yan boko shi ne Mansa Musa na Mali, wanda ya tafi aikin Hajji a 1324, ya yi ta rabon zinariya a Alƙahira har darajarta ta faɗi a kasuwa. Gaskiya ne an yi haka. Amma mu ma a ƙasar Hausa an yi sarki mai arziki wanda har yau muna cin moriyar aikinsa, kuma da yawa cikin 'ya'yanmu da aka haifa a nan ba su san shi ba sai dai sunan kwalejin da ke Kano. Wannan sarki shi ne Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499.

Kafin mu shiga labarinsa, ya kamata mu san Kanon da ya gada. Tun zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite. Malamai ne kuma fatake, su ne suka ƙarfafa salla a fada. Ashe ke nan daular Mansa Musa ta taɓa mu ta hannun waɗannan bayin Allah. A zamanin Abdullahi Burja aka buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro. Sa'annan a zamanin Yakubu, mahaifin Rumfa, Fulani suka zo da littattafan tauhidi da nahawu, gishirin Azbin ya yawaita, Barebari da Larabawa suka yi ta shigowa. To, da Rumfa ya hau, sai ya tarar da gari ya cika da baƙi da kaya, amma babu tsarin da zai riƙe su.

Babban aikinsa a wurinmu 'yan kasuwa shi ne Kasuwar Kurmi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya zuwa garin da ba shi da kowa ya san abin da bafatake yake nema: wurin da zai sauke kaya hankali kwance, da mai masauki amintacce, da hukumar da zai kai wa ƙara in an cuce shi. Abin da kasuwar ta samar ke nan. Ayarin raƙuma ya zo daga arewa da gishiri da tufafi da takarda, jakuna su zo daga kudu da goro, su kuma Kanawa su fito da saƙi da rini da jima. Sarki bai mallaki ramin zinariya irin na Mali ba. Arzikinsa daga wannan hada-hada ya fito, da haraji, da ganimar yaƙi, da bayi. Da Bature Barth ya zo Kano a 1851, kusan shekara 400 bayan hawan Rumfa, ya tarar da kasuwar tana ci sosai, kuma ga ta nan har gobe.

Bayan kasuwa sai gini. Ya faɗaɗa ganuwar birni don ta ɗauki jama'ar da ta ƙaru. Ya gina sabuwar fada, wato Gidan Rumfa. Abin mamaki, ko da jihadi ya kawar da sarakunan Haɓe daga Kano a wajen 1807, sarakunan Fulani a wannan gida suka zauna, ba su kuma sake masa suna ba. Ya kafa majalisar manyan hakimai wadda ake kira Tara ta Kano. Kakaki da figini da takalmin gashin jimina da dawakin zage, waɗanda muke kallo a hawan salla, duk littafin tarihin Kano ya jingina farkonsu gare shi. Shi ne kuma ya fara fita sallar Idi a Shadakoko.

Sai maganar malamai, wadda ita ce ta fi nauyi. A wajen 1492 Shehu Muhammadu bn Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya sauka a Kano. Sarki ya karɓe shi hannu biyu. A kan shawararsa aka sare itaciyar da mutanen gari suke tsafi a gindinta, aka gina masallacin Juma'a. Shehun ya rubuta wa sarki littafin Tajuddini, mai bayanin abin da ya wajaba a kan sarakuna. A ciki ya ja kunnensa a kan kada ya ɓoye kansa daga talakawa, ya riƙa zama yana sauraron masu ƙara, ya tara dukiya ta hanyar halas, ya kuma kashe ta inda ta dace. Daga baya Shehun ya wuce Katsina, ya je Gawo wajen Askiya Muhammadu. Zuriyar mutanensa su ne ake dangantawa da unguwar Sharifai. Ku duba fa, sarki ne mai kakaki da dubban dawaki, amma ya zauna baƙo yana gaya masa gaskiya, har ya nemi a rubuta masa ita.

Ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba, don tarihi ba kirari ba ne. An rubuta cewa ya tara mata har 1,000 a gidansa, shi ne kuma ya fara kulle a fada. Ya fara kamen 'yan mata zuwa gidan sarki, ya ba babanni manyan muƙamai. Ya yi yaƙi da Katsina shekara 11 babu wanda ya ci wani. Wanda ya yi karatun Islamiyya ko kaɗan ya san shari'a ba ta yarda da wuce mata huɗu na aure ba, balle kamen 'ya'yan mutane. Mu kuma fatake mun san abin da shekara 11 ta yaƙi take yi wa hanya tsakanin garuruwa biyu masu ciniki da juna. Da ya rasu a 1499, ɗansa Abdullahi, ɗan Madaki Auwa, ya gaje shi, zuriyarsa kuma ta ci gaba da riƙe sarauta ana ce musu Rumfawa.

Me ya sa muka kawo wannan labari a mujallar ƙungiyarmu? Garin nan da muke zaune shi kansa masu hijira suka kafa shi. Sarakunan Zazzau na Haɓe ne suka baro Zariya lokacin jihadi, Abu Ja ya kafa birnin Abuja a 1828. Da aka ɗauki sunan aka ba sabon birnin tarayya bayan 1976, sai garin ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Mu kuma muka zo daga baya, daga Kano da Katsina da Sakkwato da sauran wurare, muka tarar da Zagezagi da Gwari da Koro, suka ba mu wurin zama da rumfar kasuwa. Matsayin da Wangarawa da Sharifai suke da shi a Kano shi muke da shi a nan. Su dai ba riba kaɗai suka kwasa suka tafi ba, sun bar masallaci da makaranta da unguwanni masu sunansu.

To mu fa? Akwai a cikinmu waɗanda Allah Ya buɗa wa a Kasuwar IBB da Madalla da cikin Abuja. Amma in an zo biki a ga liƙi kamar ruwan sama, in an zo karo-karon albashin malaman Islamiyya ko gyaran rufin aji sai a yi ta bin mutum shago-shago. Zinariyar da Mansa Musa ya raba a Masar ta daɗe da narkewa, amma masallacin da ya sa aka gina a Tambutu a 1327 ana salla a cikinsa. Haka Rumfa, babu wanda ya san inda rigunansa suke, amma miliyoyin mutane sun ci abinci a Kurmi. Muna roƙon manyanmu su sa wannan magana a gaba a taron ƙungiya mai zuwa, kowa ya zo da abin da zai iya.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya yafe musu kurakuransu, Ya ƙara wa Mai Martaba Sarkin Zazzau Suleja lafiya, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin. Wassalam.