Matakalar Shekara Biyu Kafin Digiri: Kwalejin Al'umma ta Amurka da Gurbinta a Tawa da Arewacin Adar

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta kwalejin al'umma ta Amurka, inda ɗalibi kan yi shekara biyu yana karatun gama-gari kusa da gida kafin ya wuce jami'a, da abin da ya fi kama da ita a birnin Tawa, wato cibiyar koyar da fasaha ta IUT da jami'ar da ta tsiro daga jikinta. An bi tarihin kafuwar kowanne da dokokin da ke tafiyar da shi. Nazarin ya nuna cewa Tawa na da gini, tana da ma'aunin kiredi, amma rabon fannonin 2010 ya kai adabi da tarihi nesa da ɗan Adar, kuma matakalar shekara biyu ba ta da amfani sai da rubutacciyar yarjejeniya tsakanin jami'o'i.

Gabatarwa

Duk damina, bayan fitowar sakamakon bak, jarrabawar kammala sakandare, akan yi wata shawara a gidajen Keita da Tamaske da Barmu da Tabalak. Yaro ya samu bak A4, ta adabi, ransa na kan tarihi ko falsafa ko nazarin harsuna. Tawa na nan kusa, in ya hau mota da safe zai yi azahar a can. Sai dai tsangayar da aka san ta da fannin nasa tana Yamai ko Damagaram, kowacce fiye da kilomita 500 daga Tawa. Adarawa ba sa tsoron nisa. Ƙasar da samarinta suka saba bida zuwa Abijan da Libiya da Najeriya ba za a ba ta labarin tasha ba. Bambancin shi ne mai bida aikensa ake jira, ɗalibi kuwa shi ake aika wa, tun daga kuɗin mota har haya da cefane kafin kuɗin tallafin karatu na hukumar ANAB su fito. In kuwa budurwa ce, sau da yawa shawarar takan tsaya a tambaya ɗaya: a gidan wa za ta zauna?

Tambayar da maƙalar ta ɗauko ita ce ko za a iya yin rabin farko na wannan karatu a Tawa, a ƙarasa a wata jami'ar, ba tare da asarar shekara ba.

Asalin tsarin a Amurka

A 1901 aka buɗe kwalejin Joliet a jihar Illinois da ɗalibai shida, bisa shawarar J. Stanley Brown, shugaban sakandaren garin, da William Rainey Harper, shugaban Jami'ar Chicago. Ra'ayin Harper shi ne shekaru biyun farko na jami'a karatun share fage ne, ana iya yin su a ko'ina, a bar wa jami'a zurfafa bincike. Rahoton kwamitin Shugaba Truman na 1947 ya yaɗa sunan kwalejin al'umma, sannan a 1960 jihar Kalifoniya ta tsara manyan makarantunta hawa uku, kwalejojin suna ƙasa da ƙofa a buɗe ga duk wanda ya gama sakandare.

Abin da ake karantawa a layin wucewa jami'a na waɗannan kwalejoji bai takura ɗalibi ga sana'a ɗaya ba. Yana yin rubutun insha'i da tarihi da falsafa da lissafi da ɗan abin da ya samu na kimiyya da ilimin zamantakewa, ya tara kiredi 60, rabin 120 da digiri ke buƙata. Bayan nan ne yake zaɓen fanni.

A takarda abin gwanin sha'awa. Amma tun a 1960 masanin zamantakewa Burton Clark ya lura cewa kwalejojin na da wani aiki da ba a rubuta a ƙofarsu ba, wato sanyaya gwiwar ɗalibi sannu a hankali har ya haƙura da digiri da kansa, ba tare da kowa ya ce masa ya faɗi ba. Steven Brint da Jerome Karabel sun faɗaɗa wannan suka a littafinsu na 1989. Alƙaluma na baya sun mara musu baya. Binciken Davis Jenkins da John Fink na 2016 ya gano kashi ɗaya cikin uku ne kawai na masu neman shaidar karatu ke kaiwa ga komawa jami'a, kuma kashi 14 cikin ɗari ne ke samun digiri cikin shekara shida. A 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka ya ƙiyasta cewa masu sauya makaranta na rasa kusan kashi 43 cikin ɗari na kiredin da suka tara. Ɗalibi ya zo da guzurinsa, a bakin ƙofa a ce kusan rabinsa ba ya ciyuwa. Abin da ya sa ke nan Kalifoniya ta kafa doka a 2010 wadda ta tilasta wa jami'o'in jihar na hawa na biyu su ba wanda ya gama kwalejin da takardar sauya makaranta gurbi a aji uku.

Abin da ke akwai a Tawa

Nijar ta daɗe da jami'ar gwamnati ɗaya. An soma ta a Yamai a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Ban da Jami'ar Musulunci ta Say, duk mai bak Yamai ya nufa. A 2008 aka buɗe cibiyoyin IUT a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2010 kuma aka mayar da garuruwan uku masu jami'o'in kansu.

IUT ta yi kama da kwalejin al'umma ta fuska biyu: karatun shekara biyu ne, kuma an kawo shi kusa da mutane. Amma asalinta dabam. Faransa ta ƙirƙiro ta a 1966 don samar wa kamfanoni ƙwararru matsakaita, takardarta ta DUT kuma tikitin neman aiki ce. Ta Tawa ma haka ta tashi, da fannonin gudanarwa da kasuwanci. Wanda ya gama yana iya ƙara shekara ɗaya ya samu lisans ta sana'a, amma a kan layin da ya hau tun farko. Ita kanta Faransa ta mayar da karatun shekara uku tun 2021.

A rabon 2010, Maraɗi ta samu kimiyya, Damagaram ta samu adabi da ilimin zamantakewa, Tawa ta samu shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, daga baya aka ƙara mata ilimin tarbiyya. Rabon yana da hujja, domin malamai ba su da yawan da za a warwatsa su. Illarsa ita ce taswira ta shiga zaɓar wa yaro fanni. Ɗan Adar mai bak A4 da ba shi da halin tafiya zai shiga shari'a ko koyarwa, ko da can ba su ne a ransa ba. Wani abin lura kuma, jami'ar Tawa tana ɗauke da sunan Farfesa Djibo Hamani, masanin tarihin da ya wallafa nazarinsa kan Adar kafin zuwan Turawa a 1975.

Ma'aunin da ake buƙata yana nan. Tsarin LMD, wanda ya samo tushe daga yarjejeniyar Bologna ta 1999 kuma ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta su bi a 2007, ya sa kowane zango kiredi 30, lisans kuma 180. A ƙa'ida kiredi na taruwa, kuma ana tafiya da shi wata jami'a. Zango huɗu a Tawa kiredi 120 ne, saura 60. Sai dai ƙa'ida ta ce ana iya karɓa, ba ta ce dole a karɓa ba, kuma a wannan gurbin ne ɗaliban Amurka suka yi asarar da aka ambata.

Darasi daga maƙwabta

Sakkwato ta fi Yamai kusa da Tawa, kuma arewacin Najeriya ya daɗe da irin wannan matakala. Shirin IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi tun shekarun 1970, yana ba ɗalibi damar yin karatun share fage a kwalejin jiharsa ya shiga aji biyu kai tsaye. Jami'ar na da makarantar share fage a Funtuwa. Sirrin karɓuwar takardar shi ne jami'a ce ke tsara manhaja da jarrabawa, don haka ba ta da bakin raina sakamakon.

Tattaunawa

Abin da maƙalar ke gani mai yiwuwa ne shi ne a buɗe zango huɗu na gama-gari a Tawa, da tarihi da labarin ƙasa da falsafa da ilimin zamantakewa da harsuna, a ƙarasa shekara ta uku a Jami'ar Abdou Moumouni ko ta André Salifou a Damagaram. Za a ce ina aikin yi ga mai adabi? Arewacin Adar kansa ya amsa. Nan ne gona ke ƙarewa makiyaya ta fara, kuma kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada suna buƙatar wanda ya san tarihin rijiya da burtali, yake jin Hausa da Tamajak ko Fillanci. Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka soma a 1984 da tallafin Italiya, ya nuna cewa gina shingen dutse aikin injiniya ne, amma shawo kan gari ya riƙe shi aikin wanda ya san mutane ne. Tun da kundin mulkin Nijar na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, buƙatar masu nazarin harshe, har da Adaranci, ta ƙaru.

Cikas na gaskiya biyu ne. Na farko malamai, kuma za a iya rage shi da aron malamai daga Yamai da Damagaram zango-zango. Na biyu ya fi wuya, wato kalandar karatu. Yajin aikin malamai da na ɗalibai ya sha sa shekarun karatu hawa kan juna a jami'o'in Nijar. Idan Tawa ta gama zango na huɗu Yamai kuma ba ta buɗe na biyar ba, ɗalibi zai koma Tamaske ya zauna, kuma wanda ya zauna a Adar bayan kaka ya san motar da abokansa ke hawa.

Saboda haka ina kira ga hukumomin jami'o'in uku da ma'aikatar ilimi mai zurfi da kada a ɗauki ɗalibi ko ɗaya a irin wannan shiri sai an sa hannu a takardar da ta fayyace manhaja ɗaya da jarrabawa ɗaya, ta tabbatar da gurbi a zango na biyar ga duk wanda ya cika kiredi 120, ta kuma ce tallafinsa da ɗakin kwanansa za su bi shi inda ya koma.